Harisata ta yi ɗaci, ta yi kumfa a kwalba: ina kuskuren yake?

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Ina neman taimakon waɗanda suka san harisa, wato kwaɓaɓɓen jan barkonon nan na mutanen Tunisiya da Libiya da ake dangwala da burodi, ake kuma zubawa a miyar kuskus. Ga abin da na haɗa: busasshen barkono ƙanana gwangwanin madara 2, ɗanyen attaruhu 10, tumatir 2, tafarnuwa kai 1, gishiri ɗan kaɗan. Na tafasa barkonon minti 20, na markaɗa komai a blanda da ruwan tafasar, na juye a kwalba na zuba man gyada a kai. Ta yi yajin da ba ya ciwuwa, ga ɗaci a ƙarshen harshe, ga ta ruwa-ruwa. A kwana na 5 kuma sai kumfa ta taso, murfin ya kumbura. Ina kuskuren yake? Kuma don Allah a ba ni awo, ba "daidai misali" ba.

Hajiya Mai Kayan Ƙamshi:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kuskuren ya faro ne tun daga kasuwa, wajen zaɓen barkono. Harisa ba gasar yaji ba ce. Barkonon da 'yan Tunisiya suka fi yi da shi, wanda suke kira baƙluti, dogo ne mai tsoka, yajinsa sassauƙa, kusan 1,000 zuwa 5,000 a ma'aunin yaji na Scoville. Attaruhu kuwa yana tsakanin 100,000 da 350,000. Kin ga ashe ba a kama hanya ba. Tsokar barkonon ita ce jikin harisa, ita ke ba ta kauri da launi da ɗan zaƙin nan, yaji kuma ya biyo baya. Ƙananan barkono ba su da tsoka, fata ce da 'ya'ya kawai.

Abin da ya fi kusa da baƙluti a kasuwanninmu shi ne busasshen tattasai a haɗa da busasshen shambo. Ga awon da zai cika kwalba matsakaiciya, kusan giram 400:

Busasshen tattasai giram 75, busasshen shambo giram 25. Wannan nauyinsu ne bayan an cire hanci da 'ya'ya, don haka ki sayi abin da ya kai giram 140 zuwa 150.
Tafarnuwa ɓararriya giram 30, wato ƙwaya 7 ko 8 manya.
Karwiya (ƙananan 'ya'yan ƙamshi, caraway a Turance) babban cokali 1.
'Ya'yan kusbara (coriander a Turance) babban cokali 1.
Gishiri giram 15, wato babban cokali 1 a shafe, ba tsororuwa ba.
Man zaitun babban cokali 4 a ciki, da wani 3 na rufe sama.
Ruwan lemon tsami babban cokali 2.

Ki sa safar hannu ko ki ɗaura leda. Ki tsaga kowane barkono da almakashi, ki karkaɗe 'ya'yan, ki yage farar jijiyar da suke maƙale a jikinta. Mafi yawan yajin a wannan jijiyar yake, ba a 'ya'yan ba kamar yadda ake ɗauka. 'Ya'yan laifinsu daban ne: ba sa niƙuwa, kuma idan blanda ta farfasa su sai su saki ɗaci. Wannan shi ne rabin ɗacin da kika ji. Kina tsagawa kina duba ciki, duk wanda kika ga baƙin gari ko farar fumfuna a cikinsa ki jefar, kada ki ce za ki wanke.

Sai wanki. Tattasan da aka shanya a ƙasa ba ya rasa yashi, ki wanke sau 2 ko 3 da ruwan sanyi, kina tsamo shi da hannu kina barin yashin a gindin roba. Idan kika juye ruwan ta kansa, yashin ya koma inda ya fito.

Daga nan ki tafasa ruwa, ki sauke, ki bar shi minti 2 ko 3 ya ɗan huce, sannan ki zuba a kan barkonon ki danne da faranti. Minti 25 zuwa 30 ya isa, har ki ji yana mutsukewa tsakanin yatsu. Jiƙawa ake yi, ba dafawa ba. Tafasawar minti 20 da kika yi ita ta wanke ɗanɗanon ta kai shi cikin ruwa, ta kuma fito da ɗacin fatar, sai kika mayar da ruwan cikin blanda. Ga sauran rabin ɗacin.

Ki tsane a rariya, ki matse da hannu sosai, ki baza a kan tsumma mai tsabta kamar minti 30. Nauyinsa zai koma giram 250 zuwa 300. Kada ki yi gaggawa a nan, domin duk ruwan da kika bari yanzu shi zai tsinka miki harisa ya kuma rage mata kwana.

Karwiya da kusbara ki ɗora su a busasshen kasko, wuta ƙasa-ƙasa, kina juyawa minti 1 zuwa 2. Da ƙamshi ya taso ki juye su a faranti nan take, don zafin kaskon zai ci gaba da ƙona su ko an kashe wuta. Su huce, ki daka su luƙwi. Sai ki daka tafarnuwa da gishirin har ta zama kamar man shafawa, ki riƙa zuba barkonon kaɗan-kaɗan kina dakawa, garin ƙamshin ya biyo, sai lemon tsami, mai a ƙarshe. Alamar ta yi: ki tsayar da cokali a tsakiya, ya tsaya bai faɗi ba.

Tumatir da ɗanyen attaruhu ki bar su a kwando. Ba muhallinsu ba ne.

Ɗan Agadas:

Sannu da ƙoƙari Hajiya, bayani ya yi. Zan ƙara a kan kayan ƙamshi, don nan mutane suka fi ruɗewa. Karwiya daban, kamun (cumin a Turance) daban, amma a ido sun yi kama, kuma wani mai shagon zai miƙo kamun ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Karwiya ta fi duhu, 'yar lanƙwasa ce kamar jinjirin wata, idan aka tauna sai a ji sanyi-sanyi da ɗan zaƙi mai kama da na yansun (anise a Turance). Kamun ya fi haske, ya fi miƙewa, ƙamshinsa mai nauyi ne, ɗumi-ɗumi. Ƙamshin da ke sa a ce wannan harisar Tunisiya ce, karwiya ce da kusbara. A can har tare ake sayar da su a niƙe, suna cewa tabil da karwiya. A Maroko da wasu gidajen Aljeriya ne kamun ya fi shiga. Wanda ya rasa karwiya ya sa kamun, amma ƙaramin cokali 1 kawai, domin yana danne komai. A nema wajen masu kayan ƙamshi ko shagunan magungunan Musulunci, inda ake sayar da hulba da habbatus sauda.

Sunan ma daga Larabci yake, harasa, wato dakawa ko murƙushewa. Shi ya sa akwai wasu abinci masu suna iri ɗaya da ba su da alaƙa da barkono: akwai harisa ta zaƙi da ake yi da garin samolina a Masar da Sham, akwai kuma faten alkama da nama. Mai neman bayani a intanet ya lura. Tamu ta barkono cibiyarta yankin Kap Bon ne a Tunisiya, musamman garin Nabul, inda ake jera barkono a zare a rataye a bango ya bushe a rana. A watan Disamba na 2022 hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na duniya da sunan Tunisiya.

Batun tattasai, in an samu na Diffa, wanda ake nomawa a bakin kogin Komadugu Yobe, a ɗauka. Yana da tsoka da ja mai kyau. Ko na ina ne dai, a lanƙwasa a gani: mai kyau yana lanƙwasuwa kamar fata, yana sheƙi, jansa mai duhu. Wanda ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, yana ruɓushewa a hannu, ya kwana biyu, ba launi ba ƙamshi.

Inda na saɓa da Hajiya shi ne lemon tsami. Harisar gida ta Tunisiya, wadda suke kira harisa arbi, barkono ce da tafarnuwa da gishiri da kayan ƙamshi, mai a sama. Tsami yana canza mata hali. Mai son lemon ya matsa a faranti lokacin ci.

Sannan blanda. A can da turmi ko injin niƙa nama ake yi, a wuce da barkonon sau 2, don haka ba a buƙatar ruwa ko ɗigo. Blanda ba ta juyawa sai da ruwa, shi ya sa harisar blanda ke tsinkewa. In ita kaɗai ke akwai, a yanka jiƙaƙƙen barkonon ƙanana, a zuba man tun farko a madadin ruwa, a riƙa kunnawa ana kashewa ana tura na gefe da cokali. Kada a bar ta tana gudu har ta yi zafi, man zaitun yana ɗaci idan aka buga shi da ƙarfi ya daɗe. Injin markaɗe na unguwa kuma ban ba da shawara ba: da ruwa yake aiki, ga ragowar tumatir da waken wasu a ciki.

Malamin Kimiyyar Abinci:

Hajiya Uwar Biyu, kafin komai: waccan kwalbar da murfinta ya kumbura ki zubar da ita gaba ɗaya, kada ki ɗanɗana, kada ki ce za ki soya ta gyaru.

Kumfa iska ce da ƙananan halittu ke fitarwa yayin da suke cin sukarin da ke cikin haɗin. Kin ba su duk abin da suke so: ruwa daga tumatir da ɗanyen attaruhu da ruwan tafasa, gishiri kaɗan, ga zafin ɗaki. Sau da yawa yis ne ko ƙwayoyin da ke sa tsami irin na kamu, amma ba a iya tantancewa da ido. Wadda ake tsoro ita ce ƙwayar Clostridium botulinum. Tana zaune a ƙasa, tana zuwa a jikin tafarnuwa, kuma ba ta girma sai inda babu iska. Man da ake zubawa a sama yana toshe iska, wannan yana hana fumfuna, amma shi ne kuma yake buɗe wa wannan ƙwaya fili. Gubarta tana shanye jijiyoyi, tana iya tsayar da numfashi, kuma ba lallai ta canza wari ko ɗanɗano ba.

Abubuwa 3 ke taka mata birki: tsami, gishiri, sanyi. Ba ta girma idan ma'aunin tsami na pH ya yi ƙasa da 4.6. A nan nake bayan Hajiya Mai Kayan Ƙamshi. Malam Ɗan Agadas ya yi gaskiya a kan asali, sai dai harisar ajiya ta gargajiya tana da gishiri mai yawa kuma a bushe take ƙwarai, mu kuwa muna rage gishiri mu bar danshi. In an rage ɗaya, dole a ƙara ɗayan. Kuma a sani, cokali 2 na lemon taimako ne, ba ya ɗauke wa mutum sa wa a firij, tunda babu mai auna tsamin a gida.

Lissafin gishiri: a auna dukan haɗin, a sa kashi 4 zuwa 5 cikin 100. Giram 350 na son giram 14 zuwa 17. A baki zai yi kamar ya yi yawa, amma da cokali ake cin harisa ba da ludayi ba.

Kwalba ta zama ta gilashi. A tafasa ta da murfinta minti 10, a kife ta bushe ƙarau da kanta, ba a goge da tsumma ba. A danna harisar da bayan cokali don kada a bar ramukan iska, a goge bakin kwalbar da gefenta na ciki, domin ɗan abin da ya shafu sama da layin mai shi ke fara fumfuna. Mai ya hau kamar rabin santimita. A firij mai sanyin digiri 4 ko ƙasa, mai gishiri da lemon tana kai mako 3, marar lemon kuma kada ta wuce mako 1. Duk ɗiba da busasshen cokali, a daidaita saman, a ƙara mai. Man zaitun zai daskare ya yi fari a firij, wannan ba lalacewa ba ce.

Sauran a zuba a farantin ƙanƙara, kowane gurbi kusan babban cokali 1 zuwa 2 ne, in ya daskare a juye a leda. Yana wata 4 zuwa 6 a firiza.

Maganar Hajiya ta zubar da barkono mai fumfuna a riƙe ta da kyau. Wasu nau'in fumfuna na barin gubar aflatoksin mai cutar da hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Uwar Biyu:

Allah ya saka da alheri, na zubar. Saura matsala 2: wuta ba ta tsayawa a unguwarmu, firij sai ya yini ba sanyi. Man zaitun kuma ya yi tsada. Man gyada zai yi?

Hajiya Mai Kayan Ƙamshi:

Man gyada zai yi, amma tatacce marar ƙamshi. Na ƙuli-ƙuli mai ƙamshin nan yana rinjayar karwiya, sai ki ji kamar yajin tsire kike ci. Dabara ita ce ki kwaɓa da man gyada ki rufe da shi, ki ajiye 'yar kwalbar zaitun don yaryaɗawa a faranti lokacin ci, a nan ne ake jin daɗinsa. Manja kam a'a.

Firij da ke yini ba sanyi ba wurin ajiyar jiƙaƙƙiyar harisa ba ne. Ki yi ta gari. Tattasai giram 75 da shambo giram 25, ki gyara kamar yadda na faɗa, amma maimakon jiƙawa ki wanke ki shanya a rana kwana 1 ko 2 har ya riƙa karyewa ƙas. Lokacin hunturu ya fi dacewa, da damina sai ki ƙarasa a kasko, wuta kaɗan, daƙiƙa 20 zuwa 30 kowane gefe. In ya yi baƙi ya tashi daga aiki, ƙauri da ɗaci ne zalla. Ki daka ki tankaɗe, ki haɗa da garin karwiya cokali 1, na kusbara cokali 1, garin busasshiyar tafarnuwa cokali 1 da rabi, gishiri cokali 1, duk babban cokali. A kwalba mai murfi, nesa da rana da tururin murhu, yana wata 3 zuwa 4 kafin ƙamshin ya fara gudu.

Ranar da za ki ci: gari cokali 2, ruwan zafi cokali 2, ki juya ki rufe minti 15 ya kumbura, sannan mai cokali 1 da ɗigon lemon. Kada ki fara da mai, garin ba zai sha ruwa ba, zai riƙa yi miki gardi-gardin yashi a haƙori. In kin daka ɗanyar tafarnuwa ƙwaya 1 kin ƙara, kusan ba za a bambanta da ta turmi ba. Ki kwaɓa ta yini ɗaya kawai.

Kada ki sayi niƙaƙƙen jan barkono na awo don ki huta da daka. Ba ki san me aka niƙa ba, wani ma har kala ake zuba masa.

Kukun Otal:

Tunda an gama da haɗi, ga amfani. Hanya biyu ce, ɗanya ko soyayya, kuma ɗanɗanonsu ba ɗaya ba ne.

Ɗanya: a shafa cokali 1 a tsakiyar faranti, a kewaye da man zaitun, a sa 'ya'yan zaitun da kifin tuna na gwangwani, a ci da burodi. Haka ake buɗe cin abinci a Tunisiya. Haka kuma take shiga lablabi, romon waken hummus (chickpea a Turance) da ake zubawa a kan gutsattsarin burodin jiya da ƙwai da kamun, da firikase, ɗan soyayyen burodi da ake cusa wa tuna da dankali da dafaffen ƙwai. A wajenmu tana tafiya da gurasa, da wake da shinkafa a madadin mai da yaji, da ɗanwake. In ta ɗanwake ce a sassauta ta da ƙarin mai don ta bi jiki.

Soyayya: bayan albasa ta yi laushi, a zuba harisa a cikin man tare da tumatirin gwangwani, a juya minti 1, man zai yi ja, sai a zuba ruwa ko markaɗe. Launin barkono da yajinsa a mai suke narkewa, shi ya sa in an jefa ta cikin ruwan miya a ƙarshe take zama gafi-gafi ba ta gauraya. Amma kada ta wuce minti 1 a wuta mai ƙarfi, tafarnuwar ciki da sukarin tattasan na saurin kamawa. Miyar kuskus ta mutum 6 babban cokali 1 zuwa 2 ya ishe ta, sannan a dama wani cokali da ludayin romo a ƙaramin kwano a ajiye gefe, mai son ƙari ya zuba. Ojja, wato miyar tumatir da ƙwai ta Tunisiya, ita ma haka ake fara ta: mai, tafarnuwa, harisa cokali 1, tumatir 4, ta yi kauri, a fasa ƙwai 4 a kai a rufe minti 4 zuwa 5.

Gashin kaza kilo 1: harisa cokali 2, kindirmo cokali 4, mai cokali 1, ruwan rabin lemon tsami. A tsattsaga naman a shafa, ya yi awa 2 a wuri mai sanyi. Kifi minti 30 kawai, in ya wuce tsamin zai saki tsokarsa. Kafin a ɗora a garwashi a share abin da ya yi tudu a jiki, domin shi ne ke ƙonewa tun naman bai nuna ba. Wanda za a shafa a minti 5 na ƙarshe a ware shi tun farko, kada a ɗebo daga kwanon da ɗanyen nama ya zauna. Kuma a rage gishiri da dunƙule a duk girkin da harisa ta shiga, a ɗanɗana tukuna.

In an haɗa ta yi yaji fiye da kima, sukari ba ya gyarawa. A jiƙa wani tattasai zalla giram 50, a daka da ƙaramin cokali 1 na gishiri, a cakuɗa. In hannu ya ɗauki raɗaɗi, a murza man gyada a wanke da sabulun wanke-wanke, a maimaita sau 2, ruwa zalla ba ya fitar da shi.

Ɗan Agadas:

Abu ɗaya da aka manta: kada a yanke wa sabuwar harisa hukunci ranar da aka daka ta. Tafarnuwa na kan ganiyarta, karwiya ba ta fito ba. A bar ta ta kwana 1 ko 2 a sanyi sannan a ɗanɗana a gyara gishiri. Wanda kuma bai taɓa cin ta ba, yana son ya san inda ya dosa, ya nemi ta kanti mai hoton hasumiyar teku, Le Phare du Cap Bon, ya gwada gefe da gefe. Ta kantin ta fi laushi da santsi, ta gida ta fi duhu da kauri, kuma ya kamata a riƙa jin ɓarɓashin barkono a harshe.